Neman shawara: Baba zai sake shiga tiyata, muna tsoron ruɗewar da ya yi wancan karon

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, don Allah ma'aikatan lafiya da ke gidan nan ku taimaka min. Mahaifinmu ne, shekararsa 76, ya zame a banɗaki ƙugunsa ya karye, an ce sai an yi aiki. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne lokacin da aka yi masa aikin ƙaba da allurar barci, bayan ya farfaɗo ya yi kwanaki yana sambatu, cikin dare ya fizge robar ƙarin ruwa wai a kai shi gona, ni kaina ya riƙa kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Wata ta ce min akwai na'urar da ake mannawa a goshi tana nuna zurfin barcin mutum, gaskiya ne? Mu dage sai an sa masa?

Wani likitan barci:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ne akwai ta, wadda aka fi sani ita ce BIS, tun 1996 aka amince da ita a Amurka. Faci ne ake liƙawa a goshi yana ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sai na'urar ta fitar da lamba daga 0 zuwa 100, wanda yake farke yana kusa da 100, mu kuma lokacin aiki muna riƙe shi tsakanin 40 da 60, kada maganin ya yi kaɗan ya farka ana yanka, kada kuma ya yi yawa, don tsoho ba ya ɗaukar abin da saurayi ke ɗauka. Amma kar ki ɗauka ita ce maganin ruɗewar. Wani bincike a Hong Kong a 2013 ya ga ta rage ruɗewar tsofaffi, wani kuma a Amurka a 2019 bai ga bambanci ba. Kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ni dai abin da na fi so ki yi, ki nemi ganin likitan barcin kafin ranar, ki faɗa masa duk abin nan da kika rubuta, ki kai masa magungunan da Baba ke sha a ledarsu. Ki tambaye shi ko allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa maimakon allurar barci, za ta yiwu, aikin ƙugu ana yinsa da ita sosai.

Wata nas:
Ƙarin bayani Hajiya, ruɗewar nan ta fi zuwa ne a kwana ukun farko, musamman da dare. Ku sa wanda ya saba da shi ya kwana wajensa, ku ba shi tabarau ɗinsa, a buɗe taga da rana, ana faɗa masa lokacin sallah da inda yake. Ku lura da fitsari da bayan gida da shan ruwa, in yana jin ciwo ku yi magana kar ku ce ya daure. Kuma don Allah kada wani ya sayo masa maganin barci a kemis, irinsu diazepam ƙara rikita tsoho suke yi.

Wata 'yar gida:
Kakata ma haka ta yi, wasu har suna cewa iska ce, ashe ciwon sanyin fitsari ne ya haɗu da aikin, ana ba ta magani ta dawo hayyacinta. Allah ya sa a yi a sa'a.

Mai tambaya:
Amin na gode ƙwarai. Likita, in babu na'urar fa, da haɗari?

Wani likitan barci:
Ana aiki lafiya lau babu ita, muna bin bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar barcin da yake fitarwa a numfashi. Abin da ba na so shi ne ku jinkirta aikin kuna yawon neman asibiti mai na'ura, tsohon da ƙugunsa ya karye kwanciyar da ta daɗe ita ke jawo masa ciwon huhu da gyambon kwanciya.