Ɗan wasa ɗaya yana neman wargaza mana tebur, yaya zan yi da shi?

Auwal ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan wata bakwai ke nan ina jagorantar wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar wanda ya fito a 2014, wato wasan labari da ake zama a tebur, kowane ɗan wasa ya rubuta jaruminsa a takarda ya riƙa faɗin abin da zai yi, ana jefa ɗan lido a ga ko abin ya yiwu. Ni nake riƙe da labari, ni nake magana da bakin duk mutum ko dodon da jarumai suka ci karo da shi, sannan akwai 'yan wasa biyar, kowa da jaruminsa. Huɗu daga cikinsu ba ni da abin cewa a kansu. Na biyar ɗin, wanda kuma shi ne aminina mafi kusa a cikinsu, shi ya sa nake wannan rubutu.

Jaruminsa ɓarawo ne, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin lasisin yin abin da ya ga dama. A zaman da ya wuce tawagar ta kwashe kusan awa ɗaya tana lallashin wani tsohon mai gadin hasumiya ya faɗi inda aka ɓoye taswira, tsohon ya buɗe baki ke nan sai abokin nawa ya ɗauki ɗan lido mai fuska 20 ya ce shi wuƙa zai caka masa. Ya jefa, 18 ta fito, tsoho ya mutu da sirrinsa. Kafin wannan ya taɓa sace maganin warkarwa daga jakar jarumar wata 'yar wasa, kuma idan ba layinsa ba ne, ko dai yana latsa waya ko yana katse mai magana da barkwanci. Duk sanda aka yi ƙorafi amsarsa ɗaya ce, wai halin jaruminsa ke nan.

Na fara tunanin in turo dakarun gari su kama jarumin nasa su rataye shi, ko ya shiga taitayinsa. Shin wannan dabara ce, ko akwai wadda ta fi ta?

Malam Habu ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Auwal. Don Allah kada ka turo dakarun nan. Wanda ya ɓata wa mutane rai ba ɓarawon da ke rubuce a takarda ba ne, mutum ne da ke zaune a kan kujera yana kallonka, saboda haka hukuncin da ka yanke wa takarda ba zai kai gare shi ba. Abu biyu ne zai faru idan ka rataye jarumin: ko ya ji daɗi domin ya sake zama tauraron zaman, kowa ya bar taswira ya koma maganar ceto shi, ko kuma ya gane cewa da gangan ka yi, ya rubuto sabon jarumi wanda ya fi na farko tsiya. Na taɓa yin wannan kuskuren, kuma na biyun ne ya same ni.

Ka same shi ku biyu, ba a ranar wasa ba, kuma ba a gaban sauran ba, domin wanda aka tsare a bainar jama'a kare kansa yake yi, ba saurare ba. Kada ka ce masa yana da matsala. Ka kawo masa abin da ya faru da sunansa, ka ce lokacin da ya kashe mai gadi, aikin awa guda na mutum huɗu ne ya tafi a banza, kuma ka lura wance ta yi shiru har aka tashi. Idan ya sake cewa halin jaruminsa ne, amsar a fili take: shi ya zauna ya rubuta jarumin, alƙalamin kuma yana hannunsa har yanzu. Ɓarawon da ke sace wa maƙiya ya kawo wa abokan tafiya shi ma ɓarawo ne.

Ina kuma zargin ba ku yi zaman share fage ba kafin ku fara, wato zaman da ba a jefa ɗan lido, sai dai a tattauna irin labarin da ake so, da abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba. Har kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, da kansa ya ware wa wannan zama sashe a wani littafin ƙari da ya fitar a 2020. Babu laifi ku yi shi yanzu a tsakiyar tafiya.

Bala ya amsa:

Na yarda da Malam Habu a kan batun dakaru, amma ina so Malam Auwal ya dubi nasa ɓangaren, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ƙa'idar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a duniyar labari, amma a kan tebur mai mutum biyar, idan kowa ya ɗauki minti uku ko huɗu kuma kai ma ka motsa dodanninka, mutum zai yi zaman jira na kusan minti 20 kafin layi ya dawo kansa, sannan ya jefa sau ɗaya ya kuskure. A cikin wannan jiran ne ake zaro waya.

Ka ce an yi awa guda ana lallashin tsoho. Mene ne aikin ɓarawo a cikin wannan awar? An gina shi ne don buɗe makulli, kwance tarko da laɓewa, to da ka sa wata taga a saman hasumiyar da akwatin da ke neman mai buɗewa, da wataƙila wuƙar ba ta fito ba. Ba ina wanke shi ba ne, ina cewa ne gundura da mugun hali kama suke yi daga nesa, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Hajara ta amsa:

Ni ina magana ne daga kujerar waccan 'yar'uwar da aka sace wa magani, domin na taɓa zama a kanta. Jagoranmu na wancan lokacin mutumin kirki ne, amma mai hargitsa mana wasa abokinsa ne, sai ya yi ta ba shi uzuri wata bayan wata. Ban taɓa ɗaga murya ba. Na fara cewa ina da uzuri wannan makon, sannan mako mai zuwa, har na daina zuwa, kuma na tabbata har yau jagoran yana ganin lokaci ne ya yi mini ƙaranci. Saboda haka Malam Auwal, kafin ka je wajen abokinka, ka tambayi sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, musamman wadda ba ta ce komai ba.

A teburin da nake yanzu muna da ƙa'ida mai sauƙi: idan jarumi zai saci kayan ɗan'uwansa ko ya kai masa hari, ba a jefa ɗan lido, mai jarumin da za a yi wa abin ne yake faɗin ko ya faru ko bai faru ba. Haka nan idan mutum ɗaya zai yi abin da zai rushe shirin tawaga, jagora yakan dakata ya tambayi sauran ko wani zai riƙe masa hannu. Muna kuma ajiye katin X, wanda John Stavropoulos ya ƙirƙiro, a tsakiyar tebur, duk wanda wani abu ya dame shi sai ya taɓa shi a wuce wurin ba tare da an nemi bayani ba. Sai dai katin ba zai gyara wanda ya san abin da yake yi ba. Idan ka yi masa magana sau ɗaya, ka maimaita, bai canja ba, ka sallame shi cikin mutunci, ku ci gaba da abotarku a wani wajen.

Auwal ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fara da shawarar Malama Hajara, kuma abin da na ji ya girgiza ni, domin ashe 'yar'uwar tamu ta riga ta yanke cewa zama biyu ya rage mata ta bar mu. Jiya na zauna da abokina. Da farko ya ɗauki zafi, ya ce wasa ne kawai, amma da na ambaci mai gadin sai ya yi shiru, daga baya ya ce shi doguwar hirar ce ke sa shi barci kuma bai san ran wani ya ɓaci haka ba. Ya amince da ƙa'idar sata, batun waya kuwa bai ba ni amsa tsayayya ba. Zama mai zuwa na share fage za mu yi, na kuma riga na zana wani rumbun ajiya mai makullai uku a ƙarƙashin hasumiyar, tunda har yanzu taswirar tana can ba wanda ya san inda take.