Ciwon mara da zafin fitsari sun ƙi barina, an ce wai sanyi ne

Manomin Kura:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Ni magidanci ne, shekarata 36, noman shinkafa nake yi a Kura, rani da damina. Tun bara marata ke yi min nauyi, in na zo bawali kuma sai zafi kamar an zuba barkono, ya fi tsanani in na zo ƙarewa. Fitsarin ba yawa, amma kullum a matse nake, alwalar Magariba ba ta kai ni Isha'i. In a gona na yi tsarkin hoge, wani lokaci sai in ga ja a jikinsa.

Mai kemis ya ce sanyi ne, ya haɗa min ƙwayoyi da allurai, ya ce a haɗa da iyalina. Mun sha. Na sayi na masu mota da lasifika ranar kasuwa, shi ma na sha. Sai ya lafa, ya sake dawowa. Abin da ya fi ci min rai shi ne iyalina ta fara yi min kallon zargi, ni kuwa Allah ne shaidata. Mene ne wannan, kuma ina zan dosa?

Ma'aikacin Awo:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Awon fitsari da jini ne aikina, kuma jin manomin shinkafa da ɗigon jini a ƙarshen bawali, abin da ya fara zuwa raina tsargiya ce. Ban yanke hukunci ba, sai an auna. Amma duk wanda ke yini ƙafa cikin ruwan kanal irin na Kadawa, dole a fara duba masa ita.

Tsutsa ce ke kawo ta. Tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. In ta girma sai ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke maƙalewa a bangon mafitsara yana yi mata rauni, daga nan zafin da jinin suke. Maganin ƙwayoyin cuta irin wanda aka ba ka ba ya taɓa tsutsar ko kaɗan. Kuma ka kwantar wa iyalinka hankali, miji ba ya shafa wa matarsa tsargiya a shimfiɗa, sai ta ruwa ake ɗauka.

Ka je babban asibiti ka faɗa wa likita sana'arka. A karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwai ya fi fita, kuma ka tara har ɗigon ƙarshe. In an gani, wani magani mai suna praziquantel ake bayarwa gwargwadon nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo, bayan an ci abinci. Kada a bar ta ta yi shekaru, domin tana taurara mafitsara, ta toshe hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara. Yaran da ke wanka a kanal suna fitsarin jini ana cewa balaga ce, wallahi cuta ce, a kai su.

Maman Biyu:
Sannu Yaya. Ni matarka nake tausayi, an ɗura mata magani ba a tambaye ta ko tana jin wani abu ba. Kalmar sanyin nan ta cuce mu mata. Lokacin ina da ciki na yi fama da zafin fitsari, kowa da abin da yake kawo min, har ana cewa a bandakin haya na ɗauko. Da na faɗa a wajen awon ciki sai suka shuka fitsarin, wato awon da ake barin ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta, bayan kwana 3 sakamako ya nuna ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Ashe wanda nake ta sha a baya ta riga ta saba da shi. Nas ɗin ta ce yawanci daga bayan gidan mutum kansa ƙwayar take zuwa, kuma hanyar fitsarin mace gajeriya ce, shi ya sa muka fi kamuwa. Tsarki daga gaba zuwa baya, yawan shan ruwa, kada a riƙe fitsari, a yi bawali bayan kwanciyar aure. In matarka na jin wani abu, a yi mata nata awon daban. Duk wanda kuma zafin fitsari ya haɗu masa da zazzaɓi, amai da ciwon kwiɓi, abin ya hau ƙoda, asibiti a ranar.

Ɗan Tasha:
Ku da ke da iyaye maza ku lura. Mahaifinmu da ya haura 60 sai ya riƙa tashi da dare, fitsari na fita a tsinke, yana ɓoye mana don kunya. Wata asuba ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta kumbura, sai da aka sa masa roba. Ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ne ya girma ya matse hanya. Malam, naka bai yi kama da wannan ba, amma ka roƙi a duba maka sukari da hoton mara, tsakuwa ma na kawo jini.

Manomin Kura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan shiga Kano ranar Litinin in Allah ya yarda. Sai dai Malam mai awo, in tsargiyar ce, ya zan yi da ruwan? Nan ne abincina.

Ma'aikacin Awo:
Ba wanda zai ce ka bar gonarka. Ka nemi dogon takalmin roba don dashe da ban ruwa, ka daina wanka da alwala a kanal. In ba wani ruwan, ka ɗiba ka ajiye a duro ya kwana 2 kafin ka yi wanka da shi, tsutsar ba ta daɗewa in ba ta samu jikin mutum ba. Ka hana yaran gonarka yin fitsari a ruwa, ta nan ƙwan ke komawa ga dodon koɗin. Maganin ba rigakafi ba ne, ana sake kamuwa, don haka ko ka warke ka riƙa komawa awo bayan girbi.