Yadda esi na biyu zai riƙa tashi da kansa idan ɗakin saba ya ɗauki zafi

MaiGadinSaba: Assalamu alaikum. Ina kula da ƙaramin ɗakin saba (kwamfutocin da ke riƙe bayanai da manhajojin ofis) a ofishinmu, rak guda ne, wato kantar ƙarfe da ake jera sabobin a ciki, kuma kayan cikinsa suna jan wutar da ta kai kilowat 2. Muna da esi biyu na bango, masu doki ɗaya da rabi kowanne, ɗaya yana aiki dare da rana, ɗayan kuwa sai mutum ya ɗauki rimot ya kunna shi. A wata Asabar cikin Afrilu kafasitan na farkon ya ƙone babu kowa a ofis, sai ranar Litinin na buɗe ƙofa na tarar ma'auni yana nuna digiri 41, fankokin sabobin suna kuka kamar injin markaɗe, ɗaya ma ta riga ta kashe kanta. Ta wace hanya zan sa na biyun ya riƙa tashi idan zafi ya haura wani mataki?

InjiniyanSanyi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, ka kunna esi na biyun, ka kashe shi daga makunnin bango, sannan ka mayar da wutar. Idan ya tashi ba tare da rimot ba, to aikinka ya zo da sauƙi, domin abin da kake buƙata shi ne tamostat irin STC-1000, wato na'urar da ke kunnawa da kashewa gwargwadon zafi, da kwantakta, wato makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi. Kada ka ɗora esin kai tsaye a kan tamostat ɗin, saboda rilen cikinsa, wato ɗan makunninsa, amfiya 10 kawai yake ɗauka, kwamfureso kuwa, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, yakan ja wutarsa ninki da yawa a lokacin tashi. Tamostat ya ja kwantakta, ita kuma ta ɗauki nauyin esin.

Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE da ke Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabobi ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, don haka ka saita shi ya kunna a 27, ya kashe a 24, tare da jinkirin minti 3 aƙalla, don kada kwamfureso ya riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai. Bakin ma'aunin kuma ka ɗaure shi a gaban rak, wajen sama, inda sabobin ke shaƙar iska. Idan ka sa shi a baya zai riƙa karanta iskar da suka fitar, idan kuma yana saitin bakin esi zai yi maka ƙaryar sanyi.

BabanNetwok: Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ina da ja a wuri guda. Esin da ya yi wata huɗu bai motsa ba, ba ka da tabbacin zai tashi ranar da ka neme shi, ƙila gas ya zurare ko ƙurar hunturu ta toshe na'urar waje. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne karɓa-karɓa, wato kowanne ya yi mako guda yana aiki, idan kuma zafi ya wuce iyaka su tashi tare. Lissafi ya yarda da haka, esi ɗaya ya isa ɗakin, domin kilowat 2 ya yi kusan BTU 6,800 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), doki ɗaya da rabi kuwa yakan ba da kimanin 12,000. Idan esin mai inbata ne, wato wanda kwamfuresonsa ke ƙara gudu da ragewa da kansa, ban so a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar aiki, gara ƙaramin allo irin ESP32 da zai aika masa umarni irin na rimot. Aibin wannan hanyar shi ne allon ba ya sanin ko umarnin ya isa, sai an haɗa da ma'auni a bakin esin. Kuma don Allah kada manhajar da ke kula da sanyin ta zauna a kan sabar da ake son karewa.

HajiyaIT: Duk tsarin da kuka zaɓa, a ƙara saƙon tes ta layin waya idan zafi ya kai 30, sannan a saita sabobin su rufe kansu cikin tsari a wajen 35. Malam, ka kuma duba batiran UPS ɗinka, wato na'urar da ke riƙe wa sabobi wuta idan an ɗauke, tunda irin waɗannan batiran an yi su ne don digiri 25, kuma ƙarin digiri 10 a kan haka yakan rage kusan rabin rayuwarsu idan abin ya ɗore.

MaiGadinSaba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin Injiniya da safen nan, esin ya tashi da kansa. Amma a wajen gwajin ne na gano cewa duka biyun a kan bireka ɗaya suke, ga shi kuma ba a haɗa layin da janareta ba. Na kira mai gyaran wuta zai zo ranar Alhamis ya raba su, bayan nan sai in sayo kwantaktar.