Neman shawara: an ɗora Mama kan insulin, ga zafi ga rashin wuta

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta daɗe da ciwon suga tana shan ƙwayoyi, amma sugan ya daina sauka, shi ne likita ya mayar da ita kan insulin safe da yamma, irin mai fari-farin nan kamar madara. A Tudun Jukun muke, wuta sai ta ga dama take zuwa, firjinmu ya koma kabad. Ina zan ajiye maganin nan a wannan zafin na Afrilu? Na biyu kuma, Mama ta tsorata, ƙawayenta sun ce mata duk wanda aka fara wa allura to ya kama hanyar lahira, har ta fara cewa a bar ta da ɗan jiƙe-jiƙenta.

Sista Rabi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ce ke son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda kuka fara amfani da ita za ta iya kai sati huɗu a waje, in dai wurin bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, ku duba takardar cikin kwalin. To kin san Zariya a watan nan, ɗaki mai rufin kwano ya wuce haka da azahar. Ku riƙa saye ɗaya-ɗaya, ku rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. Kuma kar a kuskura a sa a firiza, in ya daskare ya lalace ko da ya narke.

Baba Malam Samaru: 'Yata, randa. Ki sami tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsanewa shi ke jan zafin. Dabarar nan ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ni da ita nake ajiye nawa. Kwalbar dai a sa ta cikin ƙaramar roba mai murfi, kar ruwa ya goge rubutun. Da damina ba ta sanyi sosai, amma lokacin ai zafin ya ragu.

Hajiya Turai: Ni fa da zogale da ganyen shuwaka ƙanwata ta rabu da suga kwata-kwata.

Sista Rabi: Hajiya, da girmanki, zogale abinci ne mai kyau, ta ci a miya ko kwaɗo, amma ba ya maye gurbin insulin. Jiki da kansa ke yin insulin, idan ya gaza sai a ƙara masa. Tun 1922 ake yi wa mutane shi, bayan Banting da Best sun gano shi a Toronto, kafin nan yaran da ke da ciwon suga nau'i na ɗaya ba sa daɗewa. Abin da ke jawo masa baƙin suna shi ne mutanenmu sai ido ko ƙoda sun taɓu, ko ƙafa ta fara ruɓewa, sannan su yarda da allura, in aka rasa su sai a ce ita ce.

Yaya Sani, mai kemis a Sabon Gari: Abin da ya fi ba ni tsoro sirinji ne. Duba kwalbar, U-40 aka rubuta ko U-100, wato ƙarfin maganin? Dole lambar sirinjin ta zo daidai da ita. Idan kika ɗebi U-100 da sirinjin U-40, kin ba ta ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Mai fari-farin kuma ba a girgiza shi, a mirgina shi a tafin hannu har ya haɗe. A riƙa canza wuri, ciki ko cinya, in ba haka ba wurin zai yi ƙululu ya daina jan magani daidai.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. U-100 ne, sirinjin ma haka, na duba yanzu. To in aka yi mata ta ce ba ta jin cin abinci fa? Halinta ne.

Sista Rabi: Nan ne haɗarin. Irin wannan yawanci minti 30 kafin abinci ake yi, don haka koko ko tuwon ya zama yana gabanta, kuma ta ce za ta ci. In kika ga gumi, rawar jiki, ko maganarta ta rikice, gwada da na'urar gwajin suga. In ya nuna ƙasa da 70 mg/dL ki jiƙa mata cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari, bayan minti 15 ki sake gwadawa, sannan ta ci abinci. In ta suma kar a ɗura mata komai, sai asibiti. Ki riƙa rubuta sakamakon a littafi ki kai wa likitanta, shi kaɗai zai rage ko ya ƙara. Maganar azumin Litinin da Alhamis ma, in tana yi, ku tambaye shi tukuna.