Garin neman gira ko gyaran gangar Auzinawa? Ku raba mana gardama

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta haɗa ni da Yayana jiya da daddare har muka kusa kwana a kanta. Akwai wani wasan barkwanci da muke kallo a talabijin muna yara, ba mutane ba ne, ƴan tsana ne guda biyu maƙwabtan juna, kowa da rigar sanyinsa da ƴar hula, ba sa magana ko kalma ɗaya sai kiɗa kawai, kuma kullum aikinsu gyara. Abin da nake iya tunawa shi ne za su tashi kafa ƙusa ɗaya tak a bango, kafin ka ce me bango ya tsage, su ɗauko katako su tokare, katakon ya zame ya fasa taga, haka dai har ɗakin ya koma kamar an yi yaƙi, ƙarshe kuma su miƙa wa juna hannu suna jin daɗi wai sun gama aiki. Ni na ce karin maganar da ta dace da su ita ce garin neman gira an rasa ido. Yaya ya ce sam, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ga shi sunan wasan ma ya ɓace mana mu duka biyu. Wa ya tuna shi, kuma wa ke da gaskiya?

Sagir:
Wa alaikumus salam. Hhhhh Baban Hanifa ai Pat da Mat kake nufi, ko shakka babu. Ƴan ƙasar Chekoslobakiya ne suka yi shi, tun kafin ta rabe biyu a 1993. Lubomír Beneš da Vladimír Jiránek su suka ƙirƙire su, na farko ya fito a 1976. Sunan da aka sa wa shirin a harshensu A je to, kamar ka ce shi ke nan an gama, ita ce wannan musabahar da kake faɗa. Larabawa kuma Zingo da Ringo suke ce musu, to idan ta tashar Larabawa kuka kalla shi ya sa sunan bai zauna muku ba.

Baban Hanifa:
Allahu akbar, SU NE wallahi. Sagir Allah ya yi maka albarka, yanzu na duba na ga hotonsu har sai da tsigar jikina ta tashi. Amma ni ɗayan da toka-tokar riga na san shi, a hoton kuma ja ce.

Sagir:
Ba ka yi kuskure ba. Ja ce tun farko, sai hukuma a lokacin kwaminisanci ta ga jar rigarsa da rawayar rigar ɗayan a tare kamar ana yi wa Tarayyar Sobiyet da Sin shaguɓe, aka mayar da ita ruwan toka, sai bayan 1989 jar ta dawo. Ka ga kenan tsofaffin ka kalla.

Malam Isiyaku:
To an samo suna, saura gardamar. Baban Hanifa ka yi haƙuri amma Yayanka ya fi ka kusa. Mu duba maganar da kyau. Gira ado ce, ko babu ita mutum yana gani, ido kuwa shi ne jarin. Mai neman gira lafiyarsa ƙalau, ƙari yake so, sai ya tafka asarar babba saboda ƙarami. Gyaran gangar Auzinawa kuma da ma abin ya samu matsala, gyaran wajibi ne, hannun mai gyaran ne ya ƙarasa shi. To su waɗannan bayin Allah yadda ka siffanta su ai ba kwaɗayi ya kai su ba, rashin iyawa ne da ƙarfin hali.

Hajiya Ladi:
Malam ban yarda gaba ɗaya ba. Rataye hoto a bango gyaran dole ne? Wa ya aike su? Bango yana zaman zamansa lafiya, don a ƙawata ɗaki aka rushe shi. In wannan ba neman gira ba ne to ban san mene ne ba. Kuma ni tun tasowata gyaran gira nake ji ana cewa, ba neman gira ba, gira ai ba ɓata take yi ba balle a neme ta.

Malam Isiyaku:
Hajiya duka biyun ana faɗa. Amma kin kawo abu mai kyau, domin in aka ce garin gyaran gira to ta matso kusa da maganar ganga sosai, tunda an shigo da gyara ciki. In aka ce nema kuma ta koma ƴar uwar garin neman ƙiba an samo rama. Kalma ɗaya ce take juya ta.

Ummu Sadiq:
Ni dai ku bar ni da ƴan tsana, ina da Pat da Mat ɗina a gida. Famfon banɗaki ne yake ɗiga, ɗis ɗis kawai, na ce a kira mai gyara, maigidan ya ce haba wannan ɗan abin, ya kira ƙaninsa suka ɗauko sifana, ɗaya na juyawa ɗaya na haska masa da waya, ina daga falo sai na ji wani ƙas, sai kuma shiru, irin shirun nan da ka san an yi ɓarna. Ashe kan famfon ne ya karye a hannunsu, ruwa na feshi har silin, babu wanda ya tuna ya kashe ruwan daga waje tukuna. Suka fito jiƙe sharkaf. Da na buɗe baki zan yi magana ba gira ce ta zo min ba, gangar ce ta zo da kanta, don haka ni ina bayan Malam.

Hajiya Ladi:
Hhhh Allah ya ba ki haƙuri ƴar uwa. Amma kin ga naki famfon da ma yana ɗiga, shi ya sa. Da fenti suka ce za su canja masa suka karya shi da gira za ki ce.

Kawu Tanko:
Ina ta karanta ku ina dariya. Akwai abin da duk kuka tsallake. Karin maganar nan biyu duka da nadama a cikinsu, ana faɗarsu ne bayan mutum ya dafe kai. Su kuwa waɗannan biyun ban taɓa ganin sun yi da-na-sani ba. Sau da yawa ma sai ka ga a ƙarshe abin ya yi aiki ta wata karkatacciyar hanya da mai hankali ba zai bi ba, gida ya lalace amma buƙata ta biya, su kuma ko a jikinsu. Abin da yake ba yara dariya kenan, yaro ya hango bala'in tun daga nesa yana ihu kada ku ja igiyar nan, su ba su gani ba. Wanda ya rasa ido ya san ya rasa. Waɗannan fa?

Malam Isiyaku:
Kawu wannan gaskiya ne, sai dai ai ba mai ɓarnar ne yake faɗin karin maganar ba, mai kallo ne. Ummu Sadiq ce ta faɗa, ba maigidanta ba. Nadama ba sharaɗi ba ce.

Kawu Tanko:
A ganga na yarda. A gira ban yarda ba, an rasa ido fa aka ce, asara ce wadda ba a dawo da ita. Su kuwa gobe ka kunna ka tarar da gidan garau kamar ba a taɓa shi ba.

Sagir:
Abin da yake burge ni ma shi ne masu yin wasan da hannu suke motsa ƴan tsanar, a ɗan gusa hannu a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, sai an tara hotuna masu yawa kafin a samu daƙiƙa ɗaya. Wato mutane masu tsananin haƙuri da ƙwarewa ne suka zauna suna tsara yadda za a yi aikin banza.

Baban Hanifa:
Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta. Ya karanta na Malam ya ce ai da ma ya faɗa, na ce ya karanta na Hajiya ya ce waya ta ɗauke caji. Na kuma kunna wa Hanifa guda ɗaya, ana cikin yi ta juyo ta ce Abba irin yadda ka gyara fanka ranar nan. Ummu Sadiq don Allah a ƙarshe wa ya gyara famfon?

Ummu Sadiq:
Mai gyaran da na ce a kira tun farko. Har da kuɗin sabon kan famfo da na silin.