Gefen allon rub-da-ciki: in mulmule shi ko in bar masa kaifi?

Baban Khalifa, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masu aikin katako da masu shiga teku. Yarona ɗan shekara 12 ya ga bidiyon yaran Ingila suna kwanciya rub-da-ciki a kan wani siririn allo, igiyar ruwa tana turo su har bakin yashi, tun daga ranar ya hana ni sakat. Na farko da na yi masa, yadda zarto ya yanka haka na bar gefen, na shafa fenti kawai. Zuwanmu na farko gefen ya kwarzane masa hannu tun daga gwiwa har hammata, ga ruwan gishiri yana shiga ciwon. A zuwa na uku katakon ya fara buɗewa ta gefe kamar littafin da ruwan sama ya daka.

Yanzu na sayo ablakash, wato katakon falle-falle da aka manne da gam, irin na jirgin ruwa, kaurin milimita 9, na yanka tsawon santimita 120, faɗi 30. Ban taɓa gefen ba tukuna. Maƙwabcina ya ce in mulmule shi gaba ɗaya kamar muciya, wani abokin aiki kuma ya ce kaifin ne ke sa gudu. Wanne zan ɗauka? Ba na so yaron ya sake jin ciwo a kan abin da na yi masa da hannuna.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Je famfo da cokali, ka saki ruwa siriri, ka kanga masa bayan cokalin. Za ka ga ruwan ya manne yana bin lanƙwasar, har yana jan cokalin. Sai ka kanga masa bakin wuƙa, za ka ga ya fice ya rabu da ita tsaf. To haka gefen allo yake. Inda ka mulmule, ruwa yana rungumar wurin, allon ya yi daɗin riƙo amma ya yi nauyin tafiya. Inda ka bar kusurwa, ruwa yana sakinsa, ya sulale.

Saboda haka raba aikin. Gefen sama, wanda ke taɓa jiki, mulmule shi tun daga hanci, wato gaban allon, har gindi, ba ragi. Gefen ƙasa kuwa, daga hanci zuwa wajen tsakiya ka mulmule, don kada ya kafe a ruwa ya kifar da yaron. Daga nan sai lanƙwasar ta riƙa raguwa a hankali, har kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe ya zama kusurwa sosai, haka ma ƙasan gindin.

Ga yadda nake yi. Ka riƙe fensir, ɗan yatsanka na tsakiya yana bin bakin katakon, ka ja layi kamar milimita 5 daga baki, a duk inda za ka mulmule. Da fara, wato abin fere katako, ko magagari ka kwantar da kusurwar har layin, kana ƙirga bugu: in ka yi 10 a dama, ka yi 10 a hagu. Ablakash yana da wani alheri da sauran katako ba su da shi. Da ka fara fere shi, falle-fallen cikinsa za su fito kamar ratsin tsakiyar zane. In ratsin ya tafi sambal, hannunka daidai yake. In ya yi ciki a wani wuri, nan ka ci da yawa. Bayan nan samfefa lamba 80, sai 120, sai 220. Inda kake son mulmula, yanko samfefar doguwa ka riƙe bakinta biyu kana ja kamar mai goge takalmi. Inda kake son kusurwa, naɗe ta a jikin guntun katako, kada ka yi da tafin hannu, don tafi laushi gare shi, zai cinye kusurwar ba ka sani ba.

Ɗan Sawakin:
Baba Kafinta ya yi magana, sai dai ni ina ganin a kaurin milimita 9 bambancin ba zai kai yadda ake zato ba, balle a Bahar Maliya. Tekunmu matsattse ne, igiyarsa ta iska ce, gajera, wata na bin wata, kuma duwatsun murjani sun karya mafi yawanta tun daga nesa. Abin da ya kashe allon farko ba fasali ba ne, ruwa ne ya shiga ta gefe. Gefen ablakash shan ruwa yake kamar soso. Mu da muka tashi kusa da masu sassaƙa sambuk, wato jirgin ruwa na katako, a nan muka fi sa ido. Shafin farko na warnish ka sirka shi ya yi ruwa-ruwa, ka bar gefen ya sha har ya ƙoshi, sannan ka bi da shafi huɗu ko biyar, kana ɗan gogewa tsakani. In ka ga rami a cikin falle, cike shi da gam ɗin efoksi tukuna. Kuma duk dawowa a ɗauraye da ruwan daɗi. Gishirin tekun nan ya kai giram 40 a lita, na manyan tekuna wajen 35 ne, don babu kogin da ke zuba a cikinsa shekara cur.

Tsohon Kafinta:
Gaskiyarka ɗana a kan warnish, har ka tuna mini. Baban Khalifa, kusurwar da na ce ba ta aska ba ce. Warnish ba ya zama a kan kaifi, janyewa yake ya bar wurin tsirara. Ka bi ta da lamba 220 sau biyu ko uku, yadda in ka shafa da yatsa za ka ji kusurwa amma ba za ta yanke ka ba. Amma batun bambanci, ina nan kan bakana. Ƙaramar igiya ba ta da ƙarfin turi, ita ce ma ta fi bukatar gindin da ke sakin ruwa.

Ɗalibi a Ingila:
Alhaji, awon da ka yanka shi ne na gargajiyar Konwal da Debon, yankuna biyu na bakin teku a Ingila, ƙafa huɗu da ƙafa ɗaya, na ga tsofaffi da jikokinsu suna hawa. Kada lissafin 60/40 da 50/50 na intanet, wato yadda ake raba gefen allo tsakanin sama da ƙasa, ya ruɗe ka, wannan na allon soso mai kauri ne irin wanda Tom Morey ya ƙirƙiro a Hawai a 1971. Abin da ban ji ka ambata ba shi ne hanci. Nasu a ɗage yake sama kaɗan, da tururi ake lanƙwasa shi. Ka fara yin wannan kafin gefe: jiƙa santimita 30 na gaba da tawul da tafasasshen ruwa, ka sa katako a ƙarƙashin hancin, ka matse sauran, ka bar shi kwanaki ya bushe a haka. Zai ɗan koma, don haka ka lanƙwasa fiye da yadda kake so.

Maman Ikram:
Yaya, don Allah kusurwoyin gindin nan biyu ka zagaye su sosai, ko faɗin murfin kwalba ne. In hancin ya soki yashi, gindin ne ke dukan mara. Ka koya masa ya riƙe allon a kwance, ƙirji a kai, kada ya tokare shi da ciki. Allon nan siriri ne, ba ya ɗaukar mutum a ruwa mai zurfi, a tsaye ake jira ruwa iya ƙugu, sai igiya ta fashe a tura. Ku nemi wuri mai yashi inda jami'an Haras al-Hudud, masu tsaron iyaka da gaɓar teku, suka yarda a yi iyo, ya sa takalmin roba saboda murjani da bushiyar teku, kai ma kana ciki tare da shi.

Baban Khalifa, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan la'asar ni da Khalifa muka yi gwajin cokalin, ya maimaita ya fi sau goma. Hancin yana matse tun daren jiya, na ɗora wa sauran allon jarkokin ruwa biyu. Na gwada fara a kan guntun da ya rage, ratsin ya fito yadda Baba ya faɗa, sai dai fallen waje yana tsagewa in na zo wajen lanƙwasar hanci. Baba Kafinta, bakin farar ce ta dakushe, ko a nan magagari ya kamata in koma?

Tsohon Kafinta:
Koma magagari, kana turawa daga fuska zuwa baki, kada ka jawo baya. Farar ma ka wasa ta, gam ɗin cikin ablakash yana cin baki da wuri. In ka gama gefe ɗaya turo hoto kafin ka taɓa ɗayan.