Kwamfutar shago na neman a sabunta ta, ni kuma ban yarda da mutanen nan ba

Mai Fotokofi, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shago a Yelwa nan cikin Garwa, muna buga takardu da fotokofi, lokacin jarrabawa kuma muna haɗa wa ɗalibai takardunsu. Kwamfuta biyu gare ni, duka na hannu na saye su, Windows 10 ke kansu da Faransanci.

Shekara biyu ke nan da na sa yaron shago ya toshe abin nan da take rubutawa mise à jour, wato sabuntawa. Dalili kuwa, wata rana na sayi data ta wata guda, na jona kwamfuta da wayata na tafi sallar azahar, kafin la'asar babu ko ɗigo. Yaron ya duba ya ce ai sabuntawa ta sauke. Tun daga ranar na ce a rufe mata baki. To amma ba kuɗin data kaɗai ba ne, in faɗa muku gaskiya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ke zaune a Amurka, bai san ni ba, ban biya shi ko sisi ba, me ya sa kowane wata yake son ya zura hannu cikin kwamfutata? Ruwa ba ya tsami banza. Abin da zai iya shigo da kaya, ai zai iya fita da kaya. A cikin kwamfutar nan akwai katin ɗan ƙasa na mutane, takardun haihuwa, har da takardun filaye.

Yanzu wani ɗalibi ya ce mini Windows 10 ɗin ma an daina kula da ita, wai ina zaune a gida marar ƙofa. Masu sani, in buɗe ko in bar ta yadda take? Shekara biyu dai ban ga abin da ya same ni ba.

Mai Gyara, Marwa

Wa alaikumus salam. Alhaji, buɗe ta. Yau ma, ba gobe ba.

Ɗalibin nan gaskiya ya faɗa maka. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba. Kai kuwa naka ya fi haka muni, don tun shekara biyu kafin nan ka yanke wa kanka.

Bari in gaya maka abin da ke cikin sabuntawar nan, don mutane da yawa sun ɗauka canza launi ne da ƙara hotuna. Manhaja rubutu ce mai layi miliyoyi, kuma mutane ne suka rubuta ta, dole a samu kuskure. Wani kuskuren kamar tsaga ce a katanga: wanda ya san inda take zai shiga ba tare da ya taɓa ƙofa ba. In an gano tsaga sai kamfani ya aiko da faci, yawanci ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ga inda gizo ke saƙa: ranar da faci ya fito, ɓarayi ma suna saukewa, su kwatanta tsohon da sabon, su gane daidai wurin da aka like. Daga nan sai su fita farautar waɗanda ba su like nasu ba. Wato facin da kansa shi ke nuna wa ɓarawo hanya zuwa gidan wanda ya ƙi karɓa.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a 2017. A watan Maris Microsoft ta fitar da faci na wata tsaga. Mutane suka share. Ranar 12 ga Mayu wata cuta mai suna WannaCry ta ɓarke, ta bi ta wannan tsagar, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana ɗaure fayil ɗinka ta ce sai ka biya dala 300 kafin a kwance. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a masana'antunsa. Ba sai mutum ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Waɗanda suka karɓi facin Maris ba ta taɓa su ba. Wata biyu cur magani na ajiye.

Ka ce ba ka ga abin da ya same ka ba. Alhaji, ɓarawon yanzu ba ya fasa tukunya. A teburina nan Domayo nakan buɗe kwamfutar da mai ita ke rantsuwa lafiyarta lau, in tarar da baƙi sun yi wata da watanni a ciki. Balle kai da kowa ke zuwa ya soka maka filash ɗinsa.

Maganar data kuwa mai sauƙi ce. Ka shiga saitin Wi-Fi ɗin wayarka a kan kwamfutar, ka kunna connexion limitée, wato saitin taƙaita cin data. In ka yi haka ba za ta riƙa sauke manyan kaya da kanta ba. Sai ka zaɓi dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai araha, ka sake ta ta sha. Ka dai tabbata akwai wuta ko batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, zuwa wurina ne.

Akwai kuma ƙarin wa'adin gyaran tsaro da Microsoft ta bai wa Windows 10 har 13 ga Oktoba 2026. Ko ka biya dala 30, bai kai sefa dubu 20 ba, ko ka samu kyauta in ka shiga da asusun Microsoft ka bari a ajiye saitunanka a wurinsu. Sharaɗi sai Windows ɗin ta kai 22H2, wato sigar ƙarshe ta Windows 10, kuma ba ta bayan fage ba ce. Windows 11 kyauta ce ga wanda injinsa ya cancanta, amma tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yawancin na hannu da ke shigo mana sun tsufa da ita.

Ɗan Kusuri

Malam Mai Gyara, ka yi bayani mai kyau amma ka tsallake rabin labarin, kuma rabin nan shi ne na Baba Mai Fotokofi.

Tsagar da WannaCry ta bi, wa ya fara saninta? Hukumar leƙen asirin Amurka, NSA. Sun san da ita, suka ƙera makami da ita suka ajiye don amfanin kansu, sai aka sace makamin aka watsa a intanet a watan Afrilun 2017. Kafin nan ma, a 2013, Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar aiki, ya fito da takardun da suka nuna shirin PRISM, wanda hukumar ke karɓar bayanan mutane daga manyan kamfanoni, kuma sunan Microsoft da Google da Facebook da Apple duk suna ciki. A 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta gargaɗi Microsoft a hukumance cewa Windows 10 na kwasar bayanai fiye da kima. A 2020 Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25 saboda sabuntawar da ta rage wa tsofaffin iPhone sauri ba tare da an gaya wa masu su ba. To Baba bai yi mafarki ba. Wanda ya ce sabuntawa faci ne kawai bai faɗi duka ba, ta wannan ƙofar dai ake shigo da duk abin da kamfani ya ga dama.

Ku duba ma ƙarin wa'adin nan. Kyauta, amma sai ka buɗe asusu da su. Kyautar da sai ka ba da sunanka ai ciniki ce.

Ni kullum ina tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena, can nake aiki. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an rufe mana WhatsApp da Facebook a Chadi, wata 16. Kowa ya ruga ya sauke VPN na kyauta, wato manhajar da ake zagaye toshewar da ita, ba wanda ya tambayi na wane ne, ko ina bayanansa ke bi. Tun lokacin na daina yarda da duk abin da ba a iya leƙa cikinsa. Na koma Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake kowa na iya dubawa, ba ta tambayar asusu, kuma tsohon inji yana gudu da ita kamar an yi masa wanka. Manhajar rubutun da ke cikinta, LibreOffice, na buɗe takardun Word. Jandarmomin Faransa ma sun daɗe da mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux. Baba, goge ka huta.

Ɗalibi a Dang

Yaya Ɗan Kusuri, ni ma Linux nake amfani da ita nan Ngaundere, amma kar Baba ya fahimce ka baibai. Linux ɗin ma kusan kowane mako sai ta sabunta. A 2024 har an kama wani da ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne, ya dasa ƙofar ɓoye a wata ƙaramar manhaja mai suna xz. An gano da wuri, kuma buɗewar rubutun ce ta taimaka, amma dai ka ga ba aljanna ba ce. Duk inda Baba ya koma, ɗabi'ar toshewa ce ba za ta bi shi ba.

Kuma sabuntawa kan yi ɓarna, wannan gaskiya ne. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaro, CrowdStrike, ya aika gurɓatacciyar sabuntawa, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka ƙi tashi, jirage suka kasa tashi a filaye da yawa. Shi ya sa ni nakan jira kwana uku ko huɗu in ji ko an yi kuka. Kwana huɗu fa, ba shekara biyu ba, Baba, ka yi haƙuri.

Malama, Garwa

Ni ban san TPM ba, ban san xz ba. Abin da na sani shi ne ni ce mai kawo takardu shago irin naka, Alhaji, kuma maganar da ta fi damuna babu wanda ya taɓo ta.

Bara na je wani shago, ba naka ba, in buga takardar 'yata. Yaron ya juyo mini da allon don in nuna masa fayil ɗina. Wallahi fuskar kwamfutar cike take da katunan mutane. Na ga hoton wata maƙwabciyata, na ga sakamakon asibitin wani bawan Allah da sunansa ɓaro-ɓaro. A gefe kuma WhatsApp ɗin wanda ya riga ni yana buɗe, ya tura takarda ya tafi bai fita ba, saƙonnin matarsa na ta shigowa muna kallo. Ba Ba'amurke ne ya gani ba. Ni ce na gani, ni da na san unguwarsu.

Kuna ta maganar mutanen da ke bayan teku, alhali katin ɗan ƙasa guda ɗaya ya isa wani ya je ya yi rajistar layin waya da sunan mutum, ya damfari jama'a, a zo a kama mai katin. Ba na cewa kamfanonin nan waliyyai ne. Amma haushin kaza ne ake hucewa a kan dami: ka hana su shiga, su ko a jikinsu, mu da muka ba ka amana mu ne a waje. In ka gama bugawa, me ya sa kake ajiye katina? Ka goge a gabana, ka zubar da kwandon shara na kwamfutar ma. Wanda ya buɗe WhatsApp a injinka, ka tsaya a kansa har ya fita.

Mai Fotokofi, Garwa

Malama, kin kashe bakina. Jiya bayan isha'i na zauna na ƙirga, katin mutane 340 na tarar a babbar kwamfutar, wasu tun shekara uku. Har da na wani dattijo da ya rasu. Ni da nake tsoron a fita da kaya, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kayan ke nan ba tun farko. Mun goge duka. Na rubuta a kwali na manna a bango cewa ba ma ajiye takardar kowa ta kwana, sai wanda ya ce a ajiye masa.

Malam Mai Gyara, na bi maganarka a kan babbar. Na kunna connexion limitée, na sayi datar dare, ta yi ta sauke kaya tana mutuwa tana tashi har sau huɗu, sai wajen asuba ta natsu. Yanzu ta nuna 22H2. Asusun kuwa na buɗe, amma da sabon imel da ba na komai da shi, kuma duk wani maɓalli da na gani a Confidentialité, wato saitin sirri, na kashe wanda ya yarda ya kasu. Ɗan Kusuri, kar ka ce na sallama. Har yanzu ban yarda da su ba, wa'adi kawai na saya.

Ƙaramar ita ce za mu gwada wa Linux ɗinka, tunda ko ta ƙi ba a kanta abincina yake ba. Ɗana na Dang, yaron shago ya ce ana iya tayar da ita daga filash a gwada ba tare da an goge komai ba, haka ne? Abin da nake tsoro shi ne firinta. Tsohuwa ce ƙwarai, faifan da ta zo da shi ma ya ɓace, kuma ita ke buga mini takardun da ake kaiwa ofis, waɗanda in layi ɗaya ya goce sai a dawo da mutum. In akwai wanda ya taɓa haɗa tsohuwar firinta da Linux Mint a nan Garwa, ya biyo ta shago ranar Asabar da hantsi kafin rana ta yi zafi. Shayi na wuyana.